Hannun da Ya Ɗaura Injin

Shafi na 19

Daga Mehr Din mai wankin ƙarfe

Salama gare ku, masu jira. Na ga zagin da kuka jera mini a ƙarƙashin shafi na 18, na karanta duka, har na wanda ya roƙi Allah kada in mutu sai na gama labarin. Amin. Dalilin jinkirin, wayata ce ta faɗa daron kananzir, har yanzu in na kara ta a kunne warin fitila take yi.

Mun tsaya inda tarakta ta shigo layin gareji da azahar, tana jan gawar jif ɗin Dilawar.

*

Malik Sarfaraz, uban Dilawar, bai jira an buɗe masa ƙofar mota ba. Ya sauko da farar rigar da ya kai ɗansa asibiti da ita. Jinin da ke hannun rigar ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ya yi siffar zakara mai kai biyu. Na so in nuna wa wani, ban ga wanda zan nuna wa ba.

Bayansa Gama ne, baran gidansa, ƙaton nan mai kunne ɗaya da rabi, da bindiga a kafaɗa.

"A rufe ƙofa," in ji Malik.

Mutanensa biyu suka ja ƙyauren ƙarfe suka tsaya a jikinsa. Layin gareji na garin Bahawalpur, da ko ranar Idi sai ka ji guduma, ya yi tsit. Kowane maƙwabci ya tuna bai yi salla ba.

Mu uku ne a ciki. Ustad Rab Nawaz mai garejin, wanda yanar ido ta rufe wa gani shekarun nan, ba ya ganin komai sai inuwar mutum. Ƙaninsa Haq Nawaz, da muke kira Haku, shi ke ɗaura injinan tsere yanzu. Sai ni da darona.

Ustad ya miƙe ya nufi inda ya ji muryar, ya sunkuya zai taɓa gwiwar Malik, yana kiransa Sain, wato ranka ya daɗe.

"Sain, barka da isowa. Yaya jikin Dilawar?"

"Wane Dilawar? Na asibiti, ko wanda na binne?"

Hannun Ustad ya tsaya a iska.

"Jiya na binne hannunsa na dama. Daga nan." Malik ya ɗora yatsa a saman gwiwar hannunsa. "Liman ya ce a naɗe shi a farin ƙyalle. Ni na haƙa ramin da kaina, kusa da kabarin uwarsa. Ɗan rami, kamar za a dasa mangwaro."

Ni dai tun daga lokacin tunanin hannun nan bai bar ni ba. Yana kwance shi kaɗai yana jiran mai shi. Wata rana mai shi zai zo, tsoho tukuf, ya tarar da hannun saurayi.

"Inna lillahi," in ji Ustad. "Sain, Allah ya..."

"Ajiye addu'arka, Ustad. Za ka neme ta an jima."

Ya wuce ya zauna a gadon igiya da ke ƙarƙashin darbejiya, inda muke zaunar da baƙi. A saman kansa 'yan ƙarafan da na rataye a reshe suna taɓa juna, ƙil, ƙil, duk sanda iska ta motsa. Ina son rataye ƙarfe a bishiya. Kowane ƙarfe da tasa muryar.

"Yana gaba da kowa a tseren hamadar Rohi," in ji Malik, idonsa a ƙasa. "Ya kama babbar jigawa, saura ƙiris ya kai ƙoli, injin ya yi tari ya ƙame. Mota ta dawo da baya, ta ba da gefe, ta yi ta mirginawa, hannunsa a waje. Injin da bai yi wata da ɗaurawa ba." Ya ɗago. "Wa ya ɗaura shi?"

"Ni ne, Sain," in ji Haku.

"Ka ga ɗan halak," in ji Gama, yana matsowa da murmushi. "Ina son mai gaskiya, ba ya sa ni yawo."

Ya juya bindigar ya zuba masa gindinta a baki. Ƙarar kamar an fasa tulu. Haku ya durƙusa, ya tofar da jini da haƙori. Haƙorin ya gangaro har gindin darona.

"Haku?" Ustad ya juya yana lalube. "Mehr Din, me aka yi masa?"

"Ba komai, Lala," in ji Haku, da sunan da ƙani ke kiran yayansa a wurinmu. "Tuntuɓe na yi."

"Tuntuɓe da baki," in ji Gama. "Gidan nan akwai abin kallo."

"Ya isa," in ji Malik. "Ni ba azzalumi ba ne, sai na gani da idona. Tashi. Fito da injin ka buɗe shi a gabana."

*

Muka turo jif ɗin ƙarƙashin cenbulok. Namu tsoho ne, yana rataye a ƙarfen rufi, sarƙa biyu gare shi: mai kauri da ke ɗaukar kaya, da siririya da ake ja da hannu. Ka ja siririyar kamu goma kafin kaya su motsa faɗin yatsa. Ba ya gaggawa, sama ko ƙasa.

Haku na kwance noti, jini na ɗiga kan sifana. Ni ina miƙa masa kaya. Ustad na tsaye yana sauraron kowane noti, leɓensa na motsi.

Da injin ya sauka ƙasa na kwance notin mai, na tara kwano. Baƙin man ya fito yana ƙyalli, kamar an zuba masa garin azurfa. Ya yi ta juyawa a kwanon yana walƙiya cikin rana. Da ba don na san abin da yake nufi ba, da na ce ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Injin ya ci kansa, garin ƙarfe ya bi mai ya shaƙe ko'ina.

Haku ya buɗe murfin gefe.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin injin ba: kamshaf sandar ƙarfe ce mai doro-doro. Tana juyawa, kowane doro ya tura tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta buɗe bawul, injin ya ja numfashi. Shi tafet ɗan ƙarfe ne mai rami kamar ƙaramin kofi, bai fi babban yatsa tsawo ba. Dilawar ya yo odar kamshaf ta tsere daga waje, mai manyan doro, ta zo da sababbin tafet goma sha biyu a akwati, kowanne naɗe da takarda mai maiƙo.

Haku ya zaro na farko. Ya juya shi. Sai ya tsaya cak.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya rufe bakin tafet ɗin da babban yatsa, ya jefa shi cikin darona.

"Wanke, Chacha," ya ce mini, wato kawu.

Na sa hannu cikin kananzir. Fuskar tafet ɗin ta cinye ta yi kwari. Da na shafa bakinsa sai na ji tsaga uku, ƙanana, na magagari.

Kowa a layin nan ya san tsaga ukun nan. Duk ƙarfen kabuli, wato tsohon kayan Japan da ake kwancewa daga matattun motoci, in ya bi ta hannun Ustad Rab Nawaz ya yarda da shi, sai ya yi masa tsaga uku.

Iska ta motsa. Ƙil, ƙil, a saman kan Malik.

Ranar da aka rufe injin nan, Ustad ya ba ni ƙunshi a tsumma ya ce, "Mehr Din, ga tarkace, ƙara cikin haukanka." Na buɗe na ga 'yan ƙarafa masu sheƙi, na ƙwanƙwasa ɗaya, muryarsa ta yi mini daɗi. Ban tambaya ba. Na ɗaure su da waya na rataye.

Na ɗago, Haku yana kallona. Ya girgiza kai kaɗan.

Ya zaro sauran ɗaya bayan ɗaya, duk yana jefa su cikin kananzir. Sannan ya jawo kamshaf ɗin ya ajiye a gaban Malik. Rabin doron ya tafi. Wasu sun zama sumul kamar muciya.

"Me ya cinye ta?" in ji Malik.

"Ni ne, Sain."

"Na ji. Ta yaya?"

"Sabuwar kamshaf tana son a shafe ta da man farko sosai. Na yi gaggawa, na shafa kaɗan. Na tayar da injin na bar shi yana silo. Shi ke nan."

"Ƙarya kake," in ji Ustad. "Ina nan ka shafa. Na ji warinsa har bakin ƙofa."

"Lala, ba ka gani ba."

Ban taɓa jin Haku ya yi wa yayansa gorin ido ba sai ranar. Ustad ya ja baya kamar an mare shi.

Malik ya miƙe. Ya dubi guntun ƙarfen dogo da muke amfani da shi a matsayin maƙera. Ya dubi cenbulok.

"Gama, jawo wancan. Ku ɗaga injin."

*

Suka ɗaga injin har ya kai ƙugun mutum. Gama ya jawo ƙarfen dogon ya daidaita shi a ƙasansa, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Mutanen ƙofa suka zo suka kayar da Haku rub da ciki, ɗaya ya ɗora masa gwiwa a wuya. Suka miƙe hannunsa na dama a kan ƙarfen, suka ɗaure shi da tsohon fambel.

"Buɗe yatsun, Ustad ƙarami," in ji Gama. "Kada su ji kishi, kowa ya samu rabonsa."

Haku bai yi kokawa ba. Ya buɗe.

"Injin da ya ci hannun ɗana, shi zai ci naka," in ji Malik. "Ni ba zan taɓa ka ba."

Sai a lokacin Ustad ya gane. Ya fizge rawaninsa, ya rarrafa har ya sami ƙafar Malik, ya ajiye shi a kan takalminsa. Furfurarsa a fili. Na yi shekaru a gidan nan ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba, ashe akwai tabon ƙuna mai siffar jinjirin wata.

"Sain, ga mutuncina a ƙafarka. A kira dattawa. Abin da suka yanke, mun ɗauka."

"Dattawa za su mayar da hannu?"

"Sain, ni na goya yaron nan. Uwarmu ta rasu yana shan nono. Ɗauki garejin. Ɗauki gidan."

Malik ya ɗaga ƙafa ya tsallake rawanin. "Ja, Gama."

Sarƙa ta fara. Ƙarar-ƙarar-ƙarar. Injin yana saukowa kamar ba ya so, ragowar man azurfa na ɗiga a bayan hannun Haku.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Malik Sain, don girman Allah..."

Gama bai ma saki sarƙar ba. Ya sa ƙafa ya daki ƙirjina, na koma na zauna cikin darona.

"Zauna ka jiƙa, kaka. Kai ma kana buƙatar wanki."

Ƙarar-ƙarar-ƙarar.

"Tsaya," in ji Ustad. "Sain, abu ɗaya. Ka ce sai ka gani da idonka. Ni ma bari in gani da nawa. Ba ni kamshaf ɗin."

Malik ya ɗaga hannu. Sarƙa ta yi shiru. Ya tura masa kamshaf da ƙafa.

Ustad ya ɗora ta a cinya. Ya bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, doro bayan doro, kamar mai jan carbi. Ya kai yatsa baki ya ɗanɗana. Sai fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi. Sain, an cuci ɗanka, amma ba a gidan nan ba. Wannan kamshaf ɗin jabu ce. Ɗanyen ƙarfe ne, ba a gasa shi ba. Ka kwance yaro, ka nemi wanda ya sayar muku."

"Lala, yi shiru," in ji Haku daga ƙasa.

"Ba zan yi shiru ba. In ƙarfe biyu suka gogu, mai rauni ke tafiya. Tafet ɗin da ke ciki ba su da aibi, na rantse da kabarin uwarmu. Kabuli ne na asali, sun yi shekara da shekaru suna aiki ba su taɓa..."

"Lala, don Allah."

"...ni na zaɓe su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya."

Wata kurciya ta sauka kan bonet ɗin jif, ta dube mu, ta tashi.

"Kabuli," in ji Malik a hankali. "Ɗana ya sayo sababbi. A ɗakina akwatin ya kwana, ya hana kowa taɓawa. Ina suke?"

Ustad ya ɗaga kai. "Na cire su, Sain. Haku ya jera su, ya tafi neman gaskit, na ce je ka zan rufe murfin. Da na taɓa su na ji abin da na ji. Ba zan bar ƙanina ya ji kunya a gaban mutane ba, kuma ba zan faɗa masa ya ce tsoho ya fara ruɗewa ba. Na ba Mehr Din."

Malik ya juyo gare ni. Na ɗaga yatsa na nuna darbejiya.

Ya ɗaga kai ya dube su, goma sha biyu, suna lilo a daidai inda ya zauna. Gama ya saki sarƙa, ya je ya fizgo su da reshen gaba ɗaya, ya zube a gaban ubangidansa.

"Ga su nan, Sain. Ɗan gidanmu na mirginawa a Rohi, kayansa na nan suna yi wa tsuntsaye kiɗa."

Ya juyo ya shaƙe ni da hannu ɗaya, ya ɗaga ni daga daron har ƙafata ta bar ƙasa. Na ga rabin kunnen nan kusa da idona. Ashe ba yanka ba ne, cizo ne, ga sawun haƙora.

"Sauke shi," in ji Malik. "Mahaukaci ne, ba shi nake nema ba."

Ya sake ni na faɗi.

Ustad ya lalubo biyu daga cikin sababbin. Har yanzu yana da tabbacin gaskiyarsa.

"Sain, matso ka gani, ba sai ka zama bakanike ba." Ya haɗa fuskokinsu biyu ya motsa. Suka yi ɗan lilo a kan juna. "Ka gani? Suna rawa. Fuskar ba ta miƙe ba, ta yi tozo a tsakiya. Wanda ya yi su bai iya gugar ƙarfe ba. Mehr Din, miƙo gwangwanina."

Na rarrafa na ɗauko masa gwangwanin kabulinsa. Ya ciro biyu ya haɗa. Suka manne tsaf.

"Ka ji? Kamar tafin hannu biyu. Wannan shi ne aiki."

Haku ya fara wani irin sauti a ƙasa. Na ɗauka kuka ne, sai na ga kamar dariya, sai na ga kukan ne.

"Lala. Da gangan ake yin tozon."

"Me ka ce?"

"Haka ake yin su. Ɗan tozon nan shi ke sa tafet ya riƙa juyawa a kan doro, kada ya tsaya wuri ɗaya yana gurza. Naka da suka miƙe, cinyewa suka yi. Kowanne ya kwanta a jikin tsohuwar kamshaf ɗinsa, ya ɗauki siffarta. Ka mayar da shi inda ya fito, ya yi shekara goma lafiya. Ka ɗora shi kan sabuwa mai babban doro, ya zama magagari."

"Wa ya gaya maka wannan shirmen? A waya ka gani?"

"Lala, tsakaninka da Allah. Kafin waɗannan, ka taɓa riƙe sabon tafet a hannunka?"

Ustad ya ajiye kabulin biyu a ƙasa.

Ni na san amsar. Kowa a layin nan ya sani. Mu ba ma sayen sabo. Sabo a wurinmu sunan jabu ne. Tun muna samari, injin ya lalace, a je kasuwar kabuli a tono ɗan'uwansa. Tsoho a kan tsoho, sun san juna, suna tafiya.

Ustad ya sake haɗa sababbin biyu. Ya motsa su. Ya sake motsa su. Ya kai su kusa da kunne.

"Ban taɓa ba," ya ce.

Suka zame daga hannunsa.

*

"To," in ji Malik. "Yanzu na gani."

"Sain, ni na karɓi aikin," in ji Haku da sauri. "A hannuna Dilawar ya ba da mota. Ni ya kamata in sake buɗewa in duba kafin in tayar. Ban duba ba. Ja sarƙarka, Gama, me kake jira?"

"Rufe mini baki," in ji Ustad. "Yaushe ka fara magana ina magana?"

"Sain, tunda suna rububi a haɗa su mana," in ji Gama. "Ƙarfen na da faɗi, zai ɗauki biyu."

"Ɗaya na binne. Ɗaya zan karɓa." Malik ya tsuguna a gaban Ustad, ya kama hannunsa ya juya shi, kamar mai taya akuya. Baƙi ne, duk tabo, farce biyu babu. Ya sake shi. "Ɗana shekararsa ashirin da huɗu. Me zan yi da hannun makaho da ya gama cin zamaninsa? Wannan ba biya ba ne. Na ƙanin zan ɗauka. Kai kuma ka zauna kana jin yadda yake cin abinci da hagu, kana sanin kai ka jawo."

"Gaskiya ne, Sain," in ji Haku. "Hukuncinka daidai ne."

Gama ya tofa yawu a tafinsa ya kama sarƙa.

"Malik Sarfaraz," in ji Ustad.

Bai ce Sain ba. Gama ma sai da ya waiwayo.

"Kai manomi ne, ka san ciniki. Ka cire na Haku, ka bar shi da ido biyu da hagu. Zai koyi riƙe sifana da ita kafin a tsinke auduga. Zai ɗauki mutane, yana nunawa suna ɗaurawa. Ba ka raba shi da komai ba sai yatsu." Ya ɗaga hannunsa na dama a gaban fuskar Malik. "Ni da wannan nake gani. Da shi nake sanin noti, da shi nake sanin fuskar jikata, da shi nake samun bakin ƙofar masallaci. Hagun ta mutu da sanyi tun bara, ko zafin shayi ba ta rarrabewa. Ka ɗauki wannan, ka ɗauki hannu da ido a ciniki ɗaya. Kuma shi ne ya yi laifin. In Dilawar ya tambaye ka wane hannu ka kawo masa, me za ka ce? Na wanda yake kusa?"

Malik ya miƙe tsaye.

"Kwance ƙaramin," ya ce.

Suna kwance fambel ɗin Haku ya zabura. Babbar sifana na kusa da ƙafarsa. Ban ga sanda ya ɗauka ba, na dai ji ta sauka a wuyan hannun Gama. Ƙashi ya yi ƙara kamar busasshen rake. Gama ya saki ihu ya durƙusa, hannun na reto ta inda ba gaɓa. Haku ya juya kan Malik, sifana a sama.

Bai kai ba. Mutanen ƙofa suka rufe shi, ɗaya da gindin bindiga a ƙeya, ɗaya da takalmi a haƙarƙari. Suka yi ta yi har sifanar ta faɗi, suka ci gaba bayan ta faɗi. Gama ya taso da hannu ɗaya ya tattaka masa fuska yana zagin uwarsa.

"Kada ku kashe shi," in ji Malik. "Ina so ya kalla."

Suka jingina shi da tayar jif, suka ɗaure shi da igiyar tarakta. Ido ɗaya ya rufe. Ɗayan na kan yayansa.

Ustad ya riga ya rarrafa. Ya lalubo ƙarfen dogon, ya share man da ke kansa da gefen rigarsa, kamar yadda yake share tebur kafin ya fara aiki. Ya durƙusa. Ya shimfiɗa hannunsa.

"Ba sai an ɗaure ba," ya ce.

Malik ya dubi Gama, da ke rungume da karyayyen hannu yana nishi. Ya dubi mutanen ƙofa. Ɗaya ya sunkuyar da kai. Ɗayan, wani dogo mai gemu, ya ce, "Sain, shi ya gyara motar da ta kai uwata asibiti. Ka sa ni wani aikin."

"Sai ni ke nan," in ji Malik, ya fara naɗe hannun riga.

"Ka ce ba za ka taɓa mu ba," in ji Ustad. "Kada ka zama maƙaryaci a kaina."

Ya miƙa hagunsa sama yana lalube cikin iska. Ya taɓa sarƙa mai kauri, ya sake ta. Ya sami siririyar. Ya naɗa ta a tafinsa sau biyu, tunda yatsun ba sa riƙo.

"Lala," in ji Haku. Muryar ba ta fita sosai. "Lala, kada ka yi. Lala."

Ustad ya ja.

Ƙarar-ƙarar. Ya saki, ya sake naɗawa, ya ja. Ƙarar-ƙarar. Inuwar injin ta rufe yatsunsa, ta rufe wuyan hannu.

"Mehr Din."

"Na'am, Ustad."

"Ba na ganinsa. In ya kusa ka faɗa mini, in yi bisimilla."

Na matso da gwiwa, kananzir na zuba daga rigata. Na kwantar da kaina a ƙasa na leƙa tsakanin ƙarfe da hannu.

Hasken da ya rage a tsakaninsu bai kai kaurin takarda ba, shi kuwa ya riga ya sake naɗa sarƙar.